Daga Titin Koudoukou Zuwa Ƙauyen Giwaye

Hausa tana da sunaye da yawa na tafiya, kuma kowane suna yana ɗauke da dalilin fitar. Wanda ya ɗaure kaya ya nufi kasuwa mai nisa, fatauci ya tafi. Wanda ya bar gona bayan girbi don neman abin kashewa, ci-rani ya tafi. Akwai ziyara, akwai yawon almajiranci, akwai tafiyar hajji wadda a da takan ci shekaru a ƙasa, akwai kuma gudun hijira, wanda ba a yi masa shiri. Yawon buɗe ido shi ne auta a cikinsu. Mutum ne zai fita ba kaya a kansa, ba bashin da zai karɓo, ba mai korarsa, ya je ya tsaya gaban dutse ko ruwa ko dabba ya kalla, sa'an nan ya komo gida. Tsofaffi da yawa har yanzu ba su sa shi cikin lissafin tafiya ba, sun fi ganinsa ɓarnar guzuri.

A birnin Bangui, hedkwatar Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, akwai unguwar da mutanenta suka ɗanɗana duk waɗancan tafiye-tafiye in ban da autan. Sunanta ma awon hanya ne: Kilomita Biyar, ko PK5 a taƙaice, domin nisanta ke nan daga tsakiyar birni, kusa da bakin kogi, inda Turawan Faransa suka fara ƙidayar hanyoyinsu. Nan ne babbar kasuwar birnin, nan ne kuma cibiyar Musulminsa: Hausawa da Fulani da Barebari da Larabawan Chadi da 'yan Senegal da 'yan Mali, tare da 'yan asalin ƙasar da suka musulunta. Titin Koudoukou ya ratsa unguwar, kuma da wannan suna ake kiran babban masallacinta. Mai sunan, Laftanar Georges Koudoukou, haifaffen garin da ake kira Kaga-Bandoro yanzu ne. Ya yi yaƙi a rundunar Faransa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, aka yi masa rauni a Bir Hakeim cikin hamadar Libiya, ya rasu a Iskandariyya a 1942.

A kan wannan titi akwai wani dattijo mai shagon atamfa. Kakansa ya fito daga ƙasar Kano ya biyo ta Adamawa, a zamanin da cinikin shanu da goro ke jan Hausawa kudu, har ya sauke kaya a Bangui bai sake ɗauka ba. Shi dattijon a nan aka yanke cibiyarsa, kuma harshen Sango a bakinsa yake kamar Hausa. Ya je Douala sarin kaya ba adadi, ya san Garoua da Njamena, ya je Kano ganin dangi, ya sauke farali. In aka tambaye shi kuɗin dakon dila daga tashar jirgin ruwa zuwa ƙofar shagonsa, ba ya duba takarda. Amma har gemunsa ya yi fari bai taɓa ganin giwa ba, bai kuma taɓa tsayawa gaban ko ɗaya daga cikin abubuwan kallon ƙasarsa ba. Ba shi kaɗai ba ne. Falke idonsa a kan kaya yake, dutse da kurmi kuwa abubuwa ne da ake wucewa kafin a isa kasuwa.

Daga baya ko wucewar ma ta gagara. A ranar 24 ga Maris, 2013, 'yan tawayen Seleka suka ƙwace Bangui. A ranar 5 ga Disamba ta shekarar, mayaƙan Anti-balaka suka kawo hari birnin, abin ya rikiɗe ya koma kisa tsakanin maƙwabta. Dubban Musulmi suka bi manyan motoci zuwa Chadi da Kamaru, waɗanda suka rage suka taru a Kilomita Biyar, unguwar ta zama musu mafaka ta kuma zama kurkuku. Ko maƙabartar Musulmi da ke Boeing, kusa da filin jirgin sama, ba ta zuwuwa sai da aka ƙulla yarjejeniya tsakanin unguwannin biyu a watan Fabrairun 2016. Kafin nan, a ranar 30 ga Nuwamba, 2015, Fafaroma Francis ya shigo masallacin Koudoukou, duniya ta ɗauki zuwan nasa abin mamaki saboda yadda hanyar shiga unguwar ta zama abin tsoro. A waɗannan shekaru aka haifi yara, suka yi rarrafe, suka shiga makarantar allo, duniyarsu ba ta wuce 'yan layuka ba. Kalmar da suka fi ji ana jifan iyayensu da ita kuwa ita ce baƙi.

Wanda ake kira baƙo a inda aka binne kakansa yana da dalilin sanin ƙasar da ya wuce na ɗan yawon da ya sauko daga jirgi. Ƙasar kuwa tana da abin gani. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita 623,000, wato kusan kashi biyu cikin uku na Najeriya, alhali mutanenta ba su kai na Jihar Kano yawa ba. Kudancinta kurmi ne, arewacinta daji, kuma ruwanta ya rabu gida biyu: wani ya gangara kudu zuwa Kogin Kongo, wani ya nufi arewa zuwa Tafkin Chadi.

Abin kallo mafi kusa shi ne Kogin Ubangi, wanda saboda shi aka kafa birnin a 1889, daidai inda ruwa ke karo da duwatsu yana kumfa har jirage su kasa wucewa gaba. A tsallake ana hango Zongo, garin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo, kwalekwale na kai da komo tsakanin gaɓoɓin biyu. Da rani ruwa yakan ja baya, tsibiran yashi su fito, masunta da masu haƙar yashi su cika wurin. Da damina yakan cika ya batse, manyan jiragen dakon kaya su hauro daga Brazzaville. A bayan birnin akwai tudun Gbazabangui mai lulluɓe da itatuwa. Wanda ya hau shi da sassafe zai ga Bangui a shimfiɗe, kogi ya yi mata ɗamara, ya ga kuma cewa unguwar da ta zama wa wasu duniya guda ɗan yanki ce a cikin gari, garin ma ɗan yanki ne a bakin kurmi.

Na biyu a nisa shi ne matsirgar Boali. Matsirga ita ce inda kogi ke zubowa daga kan dutse, kamar wadda ke kusa da Kafanchan ko ta Gurara a Najeriya. Ta Boali tana kan Kogin Mbali, kimanin kilomita 100 arewa maso yamma da Bangui. Tsawon faɗowar ruwan mita 50 ne, faɗinsa kuma mita 250. Garin yana kan hanyar da ta bi ta Bossembélé da Bouar zuwa iyakar Kamaru, wadda ta nan ne akasarin hajar Kilomita Biyar ke shigowa. Tun a shekarun 1950 aka kafa tashar lantarki a wurin, daga baya aka ƙara wata, aka kuma gina madatsar ruwa a sama, don haka fitilar da ke ci a shagunan Titin Koudoukou, in ta ci, ruwan Mbali ne ya kunna ta. Garin yana da wani tarihin kuma. A farkon 2014, da kisa ya iso Boali, ɗaruruwan Musulmi a cocin Katolika na garin suka fake, limamin cocin ya tsaya musu har aka kwashe su.

Dattijon nan ya wuce mararrabar Boali a cikin motar kaya fiye da yadda zai iya ƙirgawa, bai taɓa cewa direba ya ratse ba. Sai bayan da hanya ta lafa, wata damina, ya ɗauki jikokinsa biyu ya yi musu tafiyar da shi ba a yi masa ba. Sun sha tsayawa a shingaye, ana juya katin shaidarsa ana maimaita sunansa, abin da masu sunan Musulunci suka saba da shi. Tun kafin su iso suka fara jin rugugi kamar na hadari. Da suka tsaya a bakin dutsen, feshin ruwa na jiƙa musu riguna, yarinyar, wadda ba ta san ruwa ba sai na famfo da na jarka, ta daɗe tana kallo kafin ta ja hannun rigarsa.

“Kaka, ƙarfe nawa ake ɗauke shi?”

“Amarya, wannan famfon ba shi da marfi,” in ji shi.

A gaskiya madatsar da ke sama tana riƙe ruwan, kuma da rani matsirgar takan rame ta koma 'yan zirara a jikin baƙin dutse. Mai son ganinta da ƙarfinta sai ya je tsakiyar damina. Amma tambayar yarinyar ta nuna irin ƙasar da aka nuna mata tun haihuwa: wadda kome nata ana kawowa ne a ɗauke.

Na uku yana can ƙuryar kudu maso yamma, kimanin kilomita 500 daga Bangui, kusa da garin Bayanga a bakin Kogin Sangha. A nan ya kamata mai koyon Hausa ya bambanta daji da kurmi. Daji shi ne ƙasar ciyawa da itatuwa jefi-jefi, inda ido ke cin nisa, irin na Yankari ko Falgore. Kurmi kuwa duhuwa ce, itatuwa sun haɗe kai sama, rana ba ta taɓa ƙasa sai ta ɓaraka. Gandun Dzanga-Sangha kurmi ne. An keɓe shi a 1990, kuma a 2012 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan gadon duniya tare da gandun Lobéké na Kamaru da Nouabalé-Ndoki na Kongo, waɗanda suka yi iyaka da shi. A cikinsa akwai goggon biri da ake kira gorila, akwai ɓaunar kurmi ja, akwai bongo, wata babbar barewa ja mai ratsin fari. Akwai kuma mutanen BaAka, mafarautan kurmi, waɗanda su ne ke bin sawu suna yi wa baƙi jagora, kuma salon waƙarsu mai muryoyi da yawa a lokaci guda ya sami shaidar UNESCO tun 2003.

A tsakiyar wannan duhuwa akwai wani sarari mai taɓo da ake kira Dzanga Bai, wanda ake wa laƙabi da ƙauyen giwaye. Kowace rana giwayen kurmi sukan fito su taru a nan, sau da yawa hamsin zuwa ɗari. Abin da ke kawo su Bafulatani zai gane shi nan take, domin ƙasar wurin tana da gishiri da ma'adinai, kamar yadda makiyaya ke kora dabbobi zuwa Ingal a Nijar ƙarshen damina, ko su ba shanu kanwa. Giwa takan tura hannunta cikin ramin ruwa, ta busa, ta tsotso abin da take nema. Mai kallo yana zaune ne a kan wata doguwar rumfar katako a gefen filin. Daga kan wannan rumfa wata mai bincike 'yar Amurka, Andrea Turkalo, ta shafe fiye da shekara 20 tana nazarinsu, har ta iya bambanta giwaye sama da 4,000, kowace da yagewar kunnenta ko siffar haurenta. Bincikenta ya nuna cewa giwar kurmi ba ta haihuwar fari sai ta kai wajen shekara 23, kuma takan yi shekara biyar ko shida tsakanin haihuwa da haihuwa.

Da wannan lissafi ake gane nauyin abin da ya faru a watan Mayun 2013. Makonni shida bayan faɗuwar Bangui, ɓarayin haure ɗauke da bindigogin yaƙi suka shiga Dzanga Bai, suka kashe giwaye aƙalla 26, suka sare haurensu. Rikicin da ya rufe mutanen Titin Koudoukou cikin unguwarsu shi ne ya buɗe wa mahara ƙofar kurmi. Giwayen sun guje wa filin na wani lokaci, daga baya suka komo, ana kuma ganinsu har yau. A 2021 aka sa giwar kurmi cikin jerin dabbobin da ke dab da ƙarewa a duniya.

A gabashin ƙasar akwai gandun Chinko, inda daji da kurmi suka cakuɗa, har ana samun zaki da kyarkeci a wuri guda da dabbobin duhuwa. Ƙungiyar African Parks ce ke kula da shi tun 2014. Babbar matsalarsa garkunan shanun da ke kwararowa daga wajen Sudan da rani, masu su na ƙona ciyawa suna sa wa zakoki guba. Dabarar da ta yi aiki ita ce ɗaukar mutane daga cikin makiyayan kansu, masu jin harshensu, su tare su a hanya su nuna musu burtalin da za su bi. A 2017, da faɗa ya ɓarke a garuruwan kewaye, mutane sama da 300, akasarinsu mata da yara, cikin gandun suka gudu suka sami mafaka fiye da shekara guda.

Arewa kuwa labarinta ya fi ɗaci. Gandun Manovo-Gounda St Floris, kusa da iyakar Chadi, faɗinsa murabba'in kilomita 17,400 ne, ya ninka Yankari fiye da sau bakwai. Da UNESCO ta karɓe shi a 1988 yana da baƙar karkanda da giwa da raƙumin dawa da damisa da garkunan ɓauna, ga dorina a tafkuna da tsuntsayen ruwa a fadamu. A 1997 aka mayar da shi jerin wuraren da ke cikin haɗari, bayan mafarauta masu manyan makamai sun ɓarnata dabbobin sun kuma kashe ma'aikata. Karkanda ta ƙare a wurin ƙurmus. Maƙwabcinsa, gandun Bamingui-Bangoran, shi ma ya sha irin wannan ɓarna. Ana ƙoƙarin farfaɗo da su, amma hanyar ba ta zama ta ɗan kallo ba tukuna.

Tsakanin gandayen biyu garin Ndélé yake, inda ragowar ganuwar Sarki Muhammad Sanusi na Dar al-Kuti take a kan tudu. Rabeh, wanda ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa, shi ya ɗora Sanusi a kan mulki a 1890, Faransawa kuma suka kashe shi a 1911. Arzikin daularsa bayi ne da hauren giwa, fatake daga arewa suna zuwa saye. Masana tarihi suna ganin hare-haren wancan zamani na cikin abin da ya kwashe mutane daga yankin, ya bar faffaɗan dajin da aka mayar gandu daga baya. Ɗan Kilomita Biyar da ya ce ƙasar tasa ce, da wannan tarihin zai karɓe ta, domin gado ba a zaɓen rabinsa. Wasu daga maƙwabtansa jikokin waɗanda aka kora ne, kuma abin da kakanninsu suka gani bai gushe daga bakinsu ba.

Wannan yanki yana da alaƙa da ƙasar Hausa wadda ba kowa ya lura da ita ba. Kogunan Bamingui da Gribingui da Ouham su ne ke haɗuwa su zama Kogin Chari, shi kuwa Chari tare da Logone shi ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogi da ke shiga Tafkin Chadi. Daga yamma, ruwan Challawa da Kogin Kano yana bi ta Haɗeja ya shiga Komadugu Yobe, ya ƙare a tafki ɗaya. Masuncin Baga da ke jefa koma yana kamun kifi ne a ruwan da akasarinsa ya sauka a dazuzzukan Afirka ta Tsakiya. In aka sare itatuwan Bamingui aka ƙone fadamun Gounda, har kasuwar banda ta Maiduguri sai ta ji a jikinta.

Ba duka waɗannan wurare ne ke zuwuwa ga mai ƙaramin ƙarfi ba. Bayanga tafiyar kwana ɗaya ce zuwa biyu a mota in hanya ta yi kyau, masu hali kan bi ƙaramin jirgin sama, kuɗin masauki da na jagora kuma an yanka su ne daidai aljihun baƙin ƙetare. Chinko da Manovo sai ma'aikata da masu bincike. Ga shi kuma hanya takan rufe ba sallama, kamar yadda 'yan tawaye suka datse ta Kamaru daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, kaya suka yi tsada a kasuwar Kilomita Biyar. Duk mai niyya sai ya tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin ya ɗaura takalmi. Amma gandun da 'yan ƙasa ba su taɓa gani ba, da wuya su damu ranar da aka shiga aka kashe abin da ke cikinsa. Yaron da ya ga giwa tana koya wa ɗanta haƙar gishiri ba zai ɗauki haure hajar kasuwa kawai ba in ya girma ya buɗe shago.

Barthélemy Boganda, jagoran neman 'yancin ƙasar, wanda ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959, ya bar wa mutanensa taken da ke kan tambarin ƙasa da harshen Sango: Zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne. Ana iya auna gaskiyar wannan take da yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu, ana kuma iya auna ta da abu mai sauƙi: nisan da mai shago a Titin Koudoukou zai iya yi da iyalinsa ranar hutu, ba don saro kaya ba, ba don tsira da rai ba, ya komo kafin magariba ba wanda ya tambaye shi daga ina kakansa ya zo. A 2014 wannan nisa bai kai ƙarshen titi ba. Yau yakan kai Boali. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, kuma gani ya kori ji. Wanda bai taɓa farawa ba, zangonsa na fari ba ya bukatar guzuri: ya bi Titin Boganda ya miƙe gabas har ya ji iskar kogi. Kuɗin babur ne, kilomita biyar.